Motar Yaya Ba Ta Son Sanyi

Yayana yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake ɗauko doya da ita daga ƙauyukan Mashegu zuwa kasuwar Kontagora. A takarda fara ce, amma a ido babu kalar da ba ta da ita. Da igiya ake ɗaure bonet ɗinta, ƙofar fasinja kuma ta waje kawai take buɗuwa, in ka shiga sai ka jira direba ya ji tausayinka ya zagayo. Duk wannan bai taɓa damuna ba, don ni tela ce, keken ɗinkina ba ya zuwa ko'ina. Abin da ke ba ni haushi a motar nan shi ne rile.

Rile wani ɗan baƙin abu ne kamar kwalin ashana, da 'yan ƙafafu na ƙarfe, ana soka shi a wani gurbi a ƙarƙashin bonet. Yadda Yaya ya yi mini bayani, in ka murɗa makulli shi ne yake cewa ƙat, ya ba kik wuta, kik ya juya inji. In bai ce ƙat ba, ko batirinka sabo ne fil, sai dai ka zauna kana kallon sitiyari. To na motar Yaya ya tsufa, ba ya son sanyi ko kaɗan, balle sanyi mai laima. Da gari ya yi sanyi sai ya ƙage, ka murɗa makulli ka ji shiru. Sai an ɗumama shi yake saki.

Mai hankali zuwa zai yi ya sayi sabo. Yayana kuwa sai ya mai da shi jariri. In yamma ta yi da sanyi zai zare shi ya jefa a aljihu, ya kwana da shi, da safe ya maƙale shi a hammata yana shan koko da hannu ɗaya. Matarsa ta ce ko 'ya'yan cikinsa ba su sami irin wannan rainon ba. In ka yi masa maganar sabo sai ya ce, "Wannan da shi aka haifi motar. Na kasuwa duk jabu ne." Na yi faɗa har na gaji. Ni bakina ba ya shiru, kowa a gidanmu ya sani, shi kuma kunnensa ba ya ji, wannan ma kowa ya sani.

Babanmu manomin doya ne a wani ƙauye can bayan Mashegu. Ƙato ne, irin mutanen da in sun tsaya a ƙofar zaure sai haske ya ragu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Duk ranar da Yaya ya kwana a ƙauye saboda lodi, da safe Baba zai zauna a kan kututture yana kallon rainon rile, yana dariya har da hawaye. Yakan ce, "Ɗan nan, ka yi masa wanka tukuna kafin ka goya shi."

Wata shekara da rani ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bakinsa ya karkace, maganarsa ta koma sai an kasa kunne sosai. Innarmu ta daɗe da rasuwa, ƙanwarsa da muke kira Gwaggo ita ke jinyarsa, ya kuma ƙi yarda a kawo shi gari. Na lura zaman banza ya fi ciwon cin ransa. In na je gaishe shi sai in ga ya kalli garmarsa a jingine da bango, ya kau da kai. Dariyar nan duk ta tafi.

Da farkon damina Gwaggo ta aiko cewa zazzaɓi ya kama shi ya ƙi sauka, har wani lokaci ba ya gane mutane. Wannan karon ba mu nemi shawararsa ba. Muka tafi ni da Yaya a a-kori-kurar nan. Sai da majiya ƙarfin unguwa suka taru kafin aka ɗago Baba da katifarsa aka sa a bayan mota, suna nishi. Katifar ta ƙi zama daidai, sai Yaya ya sauke akwatin sifanoninsa ya bar wa Gwaggo ajiya. Ita kuma ta miƙo mana tamfol da wani tsohon daro na ƙarfe, ko amai zai zo masa a hanya. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ku dai ƙetare rafi da wuri. Ba na son gabas ɗin nan."

Muka taso bayan Azahar. Hanyar ba irin wadda ake so yamma ta riski mutum a kanta ba ce a 'yan shekarun nan, kowa ya san dalili, shi ya sa ko babur ɗaya ba mu gamu da shi ba. Ina zaune a baya, kan Baba a cinyata. Zafin jikinsa yana ratsa zanina kamar na ɗora tukunyar da aka sauke yanzu. Idonsa a rufe, leɓɓansa sun bushe sun tsage. Tun daga nan tsoro ya fara kama ni. Ina ta cewa a raina, Allah ka sa wannan zafin kada ya kashe shi kafin mu isa Kontagora.

Ba mu yi nisa ba iska ta juya. Wata iska ce mai sanyi da ban san irinta ba a wannan lokacin na shekara, ta shiga hijabina har tsigar jikina ta tashi. Gari ya rufe. Na ji wani abu ya bugi ƙarfen mota, tas, wani ya same ni a wuyan hannu kamar an harbe ni da danƙo. Ƙanƙara ce. Kafin in warware tamfol ta sauko gaba ɗaya, kowace kamar gurjiya, tana tsalle a cikin mota tana dukan Baba a fuska. Na yi ihu ina buga rufin mota. Yaya ya ja gefe ƙarƙashin wata ɗorawa, daidai inda hanya ta fara gangarawa rafi, ya kashe inji ya fito da gudu.

Shi ya riƙe tamfol ta waje don iska na neman ƙwace shi, ni na kifa daron nan a saman fuskar Baba na sunkuya a kansa. Ƙarar ƙanƙara a kan daro ta kusa toshe mini kunne. Da na leƙa na ga ƙasa ta yi fari fat, ganyen ɗorawa duk sun zube. Na ga yadda ƙanƙarar ta taru a gindin gilashin gaba tana silalewa ta kafar bonet ɗin nan na igiya, amma a lokacin ban kawo komai a raina ba. Da ta wuce sai ruwa ya biyo bayanta, ya daɗe yana zuba. Muka jiƙe sharkaf ni da Yaya, haƙorana na haɗuwa. Baba kaɗai muka samu muka kare daga ƙirji zuwa sama.

Rafin nan na san shi tun ina ƙarama. Faffaɗa ne, yashi zalla, yawancin shekara a bushe yake, har mata sukan tona rami a tsakiyarsa su ɗebi ruwa. Babu gada, mota ta cikin yashin take bi. Amma in an yi ruwa a can sama, ba ya sallama. Da labarin shanun da ya tafi da su aka raine mu. Da ruwan ya tsagaita na dubi gabas, inda rafin yake fitowa, na ga har yanzu baƙi ƙirin, ana ta walƙiya.

"Yaya, mu tafi," na ce. "Don Allah mu tafi."

Ya shiga mota. Ina jiran in ji inji, sai kawai na ji muna tafiya shiru. Ashe birki ya saki. Tun da fetur ya yi tsada direbobin hanyar nan suka koyi wannan dabara: in sun samu gangara ba sa tayar da mota, sai su bar ta ta silale, in an kusa ƙasa su sa giya su saki kuloci ta tashi da kanta. Yaya kuwa ya mai da abin kamar farilla. Na buga rufi da ƙarfi.

"Yaya! Ba ka tayar ba!"

Ya leƙo da kai ta taga. "Gangara ce, kyauta Allah ya ba mu. A ƙasa za ta tashi."

Da a busasshiyar ƙasa ne da ta tashi. Amma gangaren ya zama laka mai santsi. Da ya saki kuloci sai tayoyin suka ƙi juyawa, suka ja kawai, motar ta karkace kamar za ta juya baya, kan Baba ya bugi gwiwata. Yaya ya sake taka kuloci, ta miƙe, ta sauka kan yashi, ta ɗan yi gaba, ta yi gaba, ta tsaya cak a tsakiyar rafi.

Na ji ƙarar makulli a cikin shirun nan. Na kasa kunne ina jiran ƙat. Babu. Ya sake murɗawa. Babu.

Na leƙa ƙasa. Wani siririn ruwa ja yana bin yashi ta ƙarƙashin mota, ko tafin ƙafa ba zai rufe ba, yana ɗauke da 'yan kirare da kumfa.

Yaya ya fito bai kalle ni ba. Ya kwance igiyar bonet. Na sauko na bi shi. Gurbin da rile yake, murfinsa ya daɗe da ɓata, ga guntayen ƙanƙara nan a kewaye da shi ba su gama narkewa ba. Ya zare shi, ya girgiza, ruwa ya ɗigo. Ya goge da rigarsa wadda ita ma jiƙaƙƙiya ce, ya cusa a hammata. Na taɓa inji ko da sauran ɗumi. Daɗewar da muka yi a gindin ɗorawa ta sa ya huce, sanyi ƙalau kamar randa.

"Mu tura," na ce.

"A yashi? Wa zai tura?"

"To ka haɗa waya mana! Ba haka masu wayarin suke yi ba?"

"Na taɓa yi, na ƙona rabin wayoyin motar. In na sake ƙonawa a nan, shi ke nan." Ya dubi inda akwatin sifanoni yake zama, ya tuna yana wurin Gwaggo.

Ya mayar da rile, ya ruga ya murɗa. Shiru. Ya sake zarowa. Na karɓa na sa a tawa hammatar, na ji kamar na sa shi a cikin tulu, don ni ma jikina babu ɗumi ko kaɗan. Na haɗa tafukana ina hura masa iska. Na ce ko yana da ashana. Ya ce, "Ba ke kika tsaya a kaina har na bar taba ba?" Gaskiya ne, ni ce, shekara da shekaru ina yi masa wa'azi. A ranar nan kam, da da sigari a bakinsa da na sumbaci hannunsa. Na ciro waya, babu sabis, ban ma san wa zan kira ba.

Ruwa ya rufe idon sawuna. Sanyinsa har cikin ƙashi, da 'yan ƙanƙara a ciki suna buguna suna wucewa.

Sai bakina ya ɓalle. Abin da na faɗa wa Yaya a rafin nan ba na ƙanwa ba ne. Na ce masa marowaci, na ce zai kashe ubansa a kan cokali ɗaya na fetur, na ce in Baba ya mutu a nan kada ya sake kirana 'yar'uwarsa. Da ya mayar mini da na ji daɗi, amma idonsa kawai na gani, ya yi tsuru-tsuru kamar na yaron da ya ɓata a kasuwa. Ganin Yaya yana tsoro ya fi ruwan tayar mini da hankali, domin tun da nake ban taɓa ganin abin da ya girgiza shi ba.

"Mu ɗauke shi," ya ce.

Muka buɗe ƙofar baya. Ya kama ƙafafu, ni na hau na tura ta kafaɗu. Katifar ta sha ruwa ta ƙasa ta ƙara nauyi, ga ɓarin Baba da ya mutu yana zubewa duk inda aka juya shi. Da ƙyar muka jawo shi har ƙafafunsa suka sauko suna lilo. Yaya ya juya baya ya ce in ɗora masa shi. Ya yunƙura, na ji ya yi wata ƙara, gwiwoyinsa suka lanƙwashe ya durƙusa a ruwa. Saura kaɗan Baba ya bi shi. Na riƙe wuyan rigarsa da hannu biyu ina ihu.

A nan muka gane abin da muke shirin yi. Sauke shi za mu iya, don nauyinsa ma zai sauke shi. Amma in ya sauka ba za mu iya ɗaukarsa zuwa gaɓa ba, ba kuma za mu iya mai da shi cikin mota ba. Kwance zai kasance a yashi, ruwa na zuwa. A bayan mota aƙalla yana sama. Muka tura shi ciki da sauran ƙarfinmu, ina kuka ina ba shi haƙuri.

Sai na ji wata ƙara daga sama, can inda rafin ya yi kwana bayan itatuwa. Da farko na ɗauka tsawa ce, amma tsawa tana yankewa, wannan ba ta yanke ba. Kamar babbar mota tana tahowa daga nesa. Yaya ma ya ji. Ruwa ya kai masa ƙwauri.

"Ke ki hau gaɓa," ya ce.

"Ba inda za ni."

"Kina da yara."

"Kai ba ka da su?"

Na koma na ɗora kan Baba a cinyata, rile a hannuna na dama, na ma manta da shi. Ina ta maimaita Hasbunallahu wa ni'imal wakil, harshena na sarƙewa. Tunanin da ya zo mini, wallahi, shi ne yadda zan riƙe kansa sama in ruwa ya shigo, da kuma ko hannuna zai iya. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, har fitsari na ji yana neman ƙwace mini.

Sai na ji ana jan hijabina. Baba ne, da hannunsa na hagu mai rai. Idonsa a buɗe, ja wur, amma yana kallona sosai, kallon wanda ya san inda yake. Bakinsa ya motsa. Na kai kunnena.

"Uwata. Kawo."

"Me zan kawo, Baba? Ruwa?"

Ya girgiza kai. Ya kalli hannuna, sannan a hankali ya ɗaga hannun nan nasa na hagu, ya buɗe hammata.

Sai na gane. Zafin da nake ta roƙon Allah ya sauke tun daga ƙauye, shi kaɗai ne abu mai ɗumi a cikin rafin nan kaf. Na zura hannu ta gefen rigarsa, na ji kamar na sa shi a bakin murhu. Na ajiye rile, ya sauke hannu ya matse, ya lumshe ido.

Jiran nan shi ne mafi wuya. Babu abin yi, sai tsayuwa. Yaya yana tsaye a ruwa ya dafa gefen mota, yana kallon sama yana kallon Baba. Wani reshe ya zo ya maƙale a tayar baya, ruwa ya fara taruwa a kansa yana tsalle. Na ji motar ta ɗan motsa a ƙarƙashina, yashi na zaizayewa daga gindin tayoyi.

"Ya isa, Baba," in ji Yaya. "Kawo haka nan."

Baba bai buɗe ido ba. Yaya ya miƙo hannu zai zaro, ya kasa. Hannun da ya yi shekara da shekaru yana tayar da kunyar doya ne, ciwo bai taɓa shi ba. Ya matse gam.

"Baba, don girman Allah!"

"Bai yi ba," in ji Baba. Wannan karon sarai muka ji shi.

Ƙarar nan ta ƙaru har sai mun ɗaga murya. Ruwan ya canza, ya yi kauri ya yi duhu, yana tafe da karan dawa da wata tsohuwar ƙwarya. Ya rufe rabin taya. Yaya ya ce in ya kai salansa, inda hayaƙi ke fita, ko rile ya saki ba lallai ta tashi ba. Na dubi Baba na ga kansa ya langaɓe, bakinsa a buɗe. Na ce shi ke nan, ya tafi, kuma hannun ya ƙage da abin a ciki. Na girgiza shi ina kiran Baba, Baba, da wata murya da ban san ina da ita ba.

Ya buɗe ido ɗaya, ya harare ni yadda yake yi in na dame shi yana sauraron rediyo. Ya ƙara ɗan jim. Sannan ya ɗaga hannu.

Rilen ya faɗo a tafina da zafi kamar ƙwan da aka tsamo daga tukunya, ya bushe sarai. Na dunƙule shi na miƙa wa Yaya. Ya karɓa da hannu biyu ya ɗaga sama, yana keta ruwa zuwa gaba, ina cewa kada ka faɗi, kada ka faɗi. Ya soka shi. Bai tsaya ɗaure bonet ba, ya faɗa mota.

Ƙat.

Inji ya juya, ya yi tari, ya juya, ya kama. Na ji ruwa na ɓulɓula a bayanmu inda salansa take. Yaya ya sa giya, tayoyin suka tono yashi, motar ta yi kamar ba za ta fita ba, sai ta fizga. Na rungume Baba, daron Gwaggo ya gangara ya faɗa ruwa ta ƙofar bayan da ba mu rufe ba, na tokare ƙafata da ƙarfe don kada katifa ta bi shi. Hawan ɗaya gaɓar ma sai da muka yi ta wutsil-wutsil a laka, bonet na ɗagawa yana faɗuwa, amma mutanen ƙauye sun zuba duwatsu a wurin, tayoyin suka samu abin kamawa.

A saman tudu Yaya ya tsaya, amma bai kashe inji ba. Na waiwaya. Ruwan ya iso. Inda muka tsaya ɗazu babu yashi babu alamar taya, sai jan ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa, da wani kututturen itace yana juyi a tsakiya. Na hango daron can ƙasa yana walƙiya, sannan ban sake ganinsa ba. Muka ci gaba har muka hau kwalta. Ba mu sake tsayawa ba sai a ƙofar asibiti.

Zazzaɓin ya sauka bayan an yi masa allurai da ƙarin ruwa. Tafiya kam bai sake yi ba. Ya zauna a gidan Yaya a nan Kontagora, a ɗakin da ke kusa da zaure. Ni kuwa washegarin ranar da muka ƙetare rafin, tun kafin in karya, na je wurin masu kayan mota na sayo sabon rile na dangwara wa Yaya a gabansa. Bai yi musu ba, ya sa shi, kuma daga ranar ban sake ganin ya saki mota a gangara ba tare da inji na aiki ba.

Amma da sanyi ya shigo, wata safiya Baba ya ji Yaya na shirin fita, sai ya kira shi ya ɗaga hannun hagu. Yaya ya tsaya yana kallonsa. Sannan ya koma ɗaki ya lalubo tsohon rilen ya kawo masa. Daga nan abin ya zama aikin Baba. Kullum da safe Yaya zai shiga ya sa masa, ya fito ya sha koko, ya koma ya tsaya har sai Baba ya ga dama ya saki. Sai ya fita da shi a hannu, ya ɗaga bonet ya rufe da ƙarfi yadda za a ji daga ɗaki, ya jefa abin a aljihu, ya tayar da mota. In inji ya kama, sai ka ji Baba yana dariya da rabin bakinsa. Ko ya san akwai sabo a ciki ko bai sani ba, ban taɓa tambaya ba. Duk baƙon da ya zo gaishe shi sai ya ji cewa motar gidan nan ba ta tashi sai da shi.

Ni dai tsoron bai bar ni ba. Ko a keke-napep nake, in direba ya murɗa makulli aka ɗan yi shiru kafin ta kama, sai in ji ƙafafuna sun yi sanyi har idon sawu.

A sanyi na biyu, wata safiya na biya gidan da wuri zan kai wa matar Yaya ɗinkinta. Muna tsakar gida ni da ita kusa da murhu, Yaya ya wuce mu da rile a hannu ya shiga ɗakin Baba. Ta zuba masa koko ta rufe. Muka yi ta hira. Kokon ya huce bai fito ba. Ta ce ko yau Baba ya ƙi saki ne, muka yi dariya. Ni dai dariyar ba ta kai mini ciki ba, na ajiye ledar ɗinki na miƙe tsaye.

Da ya fito bai kalli kowa ba sai ni. Ya zo ya kama hannuna ya buɗe, ya sa mini rilen a tafi. Sanyi ƙalau.

"Tun da na ɗaga hannun na ji," ya ce. "Amma na ce bari in jira, ko bai yi ba ne."